Ƙofar Da Ilisha Ya Bari

Ranar Litinin da hantsi labari ya karaɗe Ikara cewa an sace kwamfutar ƙungiyar manoman rake. Kafin azahar, har waɗanda ba su taɓa sa ta a ido ba sun san ɓarawon. Masu shayi suka ce 'yan Zariya ne, 'yan acaɓa suka ce aikin na ciki ne, matan bakin famfo kuwa suka ce su dama tun ranar da Turawan agaji suka ajiye abin nan suka tafi, sun san ba za a rabu lafiya ba. Zamanin soja ne, ba a ɓata lokaci wajen bincike. Motar sintiri ta zo ta ɗauki Lado maigadi, dattijo mai ciwon ƙirji, aka jefa shi baya kamar buhun masara.

Matarsa Hajo ce ta zo wa Maiwada. Bin sawu gadon gidan su Maiwada ne. Saniya ta ɓata ko an ɗauke babur, daga nan har Kudan shi ake aika wa. Ta durƙusa a zaure ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta tambayi gona, ba ta tsallake komai ba, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Malam Maiwada, sajan ya ce in Juma'a ta yi ba a ga kaya da ɓarawo ba, Kaduna za su wuce da shi. Ka san ƙirjinsa. Wanda ya tafi da lafiyarsa ma yaya yake dawowa?"

"Tashi, Hajo. Zan je in duba."

Ya faɗa ne kawai, amma ransa bai so ba. A ofishin nan Ilisha ya yi aiki, abokinsa tun suna firamare, shi ɗan Musulmi, Ilisha ɗan mai wa'azin coci. Ilisha ne ya je Zariya ya koyo kwamfuta, shi ya tsara wa ƙungiyar komai. Daminar bara zazzaɓi ya kama shi daidai lokacin da likitoci ke yajin aiki, kuma Maiwada yana cikin waɗanda suka haƙa kabarinsa. Tun daga ranar, in hanya ta biyo da shi ta gaban ofishin, sai ya kau da kai.

* * *

'Yan kallo sun riga shi, sun tattake ƙasar ofis kamar filin dambe. Sai ya bar ƙasa ya dubi tebur. Allon nan mai kama da talabijin yana nan a lulluɓe da ƙyallensa, abin dannawa yana nan. Akwatin da ke ƙarƙashi ne kaɗai babu. Wayoyin kuma ba tsinke su aka yi ba, an kwance su ɗaya bayan ɗaya, an naɗe, an ɗaure da zare.

Maiwada ya daɗe yana kallon zaren nan. Ɓarawon kasuwa talabijin zai runguma ya ruga. Wannan ya san inda ƙwaƙwalwar take, kuma ya taɓa kayan da tausayi.

Jumare, sakataren da ya gaji kujerar Ilisha, bai jira an tambaye shi ba.

"Ka ga Malam, kada ka wahalar da kanka. Yunana ne, mai shagon kwamfuta na Makarfi. Makon jiya ya zo nan ya leƙa cikinta, har ya ɗauki wani abu a faifai. Wa ya san darajarta in ba shi ba?"

"Me ya kawo shi?"

"Mu muka kira shi. Ta ishe mu ne. Da safe lafiya lau, amma da mun je sallar azahar mun dawo, ko an fita cin abinci, sai ta ƙi buɗe aikin lissafi, wai wuri ya cike. Sai an kashe an sake kunnawa. Tun bayan rasuwar marigayi take wannan iskancin. Yunana ya ce zai zo ya goge komai ya sa sabon tsari."

"Wa ke tsaron ofis in kun tafi salla?"

"Ba kowa. Sai Selina, tunda ita ba ta salla."

Selina matar Ilisha ce. Bayan rasuwarsa ƙungiya ta ba ta aikin buga takardu da shara. Ta shigo da kofin ruwa, 'yarta a goye, ta rusuna.

"Sannu da zuwa, Baban Indo."

"Yauwa, Maman Rosaline. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

Ta rame ƙwarai. Ya ji kunyar kansa, don rabonsa da leƙa ta tun sadakar da ya kai bayan biso. Ya sha ruwan ya fita ta baya. A can gefen famfo, inda ƙasa ke da danshi, ya ga shatin gindin daro ya nutse sosai, da sawu biyu suna fuskantar juna, ɗaya silifas ɗin mace, ɗaya takalmin taya. Haka ake tsayawa in wani zai ɗora wa wani kaya a ka. Amma mata nawa ne ke ɗiban ruwa a nan? Ya ajiye abin a ransa ya wuce.

* * *

Da ƙyar da roƙo aka bar shi ya ga Lado. Yana zaune a ƙasa a bayan caji ofis, ya jingina da bango, hannayensa a kan gwiwa, sun kumbura har yatsun ba sa lanƙwasuwa.

"Baba Lado, ran Lahadi da rana kana ina?"

"Ina bakin aikina."

"Wa ya shiga?"

"Ban ga kowa ba."

"Baba, ni ne fa. Kaduna ake maganar kai ka."

"Na ji. Ban ga kowa ba, Maiwada."

Ya faɗa yana kallon ƙasa. Maiwada ma ya kalli ƙasan, sai ya ga takalman taya a ajiye gefe, an cire masa. Mutumin da bai ga kowa ba ihu yake yi, ya rantse da Alƙur'ani, ya kira sunan iyayensa. Wannan kuwa shiru ya yi irin na mai tsare amana.

* * *

Laraba ya bi motar 'yan kasuwa zuwa Makarfi, a matse tsakanin buhunan barkono, don man fetur ya yi wuya, mota ɗaya ke ɗaukar mutanen mota uku. Ya tafi da niyyar kama Yunana da ƙarya, amma zargin bai kai ko'ina ba. Ran Lahadi Yunana yana Kafanchan bikin ƙanwarsa, rabin layinsu sun je tare da shi. Ya yi dariya mai ɗaci da ya ji abin da Jumare ya ce.

"Ni zan saci wannan tsohuwar? Malam, aikin marigayi kawai na kwafa, don in ga yadda ya tsara ta kafin in goge. Tare muka yi karatu da shi. Zo ka gani."

Ya sa faifai a tasa kwamfutar. Rubutu ya fito a allo: ɗaya, buga takarda, biyu, lissafi, uku, fitar da takarda.

"Ka ga, injin nan in ka kunna shi haka kawai, baƙin allo zai ba ka, yana jira ka rubuta masa umarni. Wanda bai sani ba, da layi ɗaya sai ya hallaka aikin shekara. To sai Ilisha ya jera umarnin a fayil guda, da an kunna injin ya bi su da kansa, ya kawo ka nan. Kamar zaure ne. Baƙo iyakarsa nan, ba ya wucewa cikin gida."

"Mai gida fa?"

"Mai gida yakan bar wa kansa ƙofa. Bari mu duba, ni ma ban karanta shi duka ba." Ya buɗe fayil ɗin yana bi da yatsa. "Yauwa, ga ta. Akwai harafin da bai nuna a allo ba. In ka danna S, fayil ɗin zai kira COMMAND, wato mai karɓar umarni. Zauren ya dakata yana jiranka, kai kana ciki kana magana da injin kai tsaye. In ka gama sai ka rubuta EXIT, ya mayar da kai inda ka baro."

"In mutum bai rubuta ba?"

"Wasu sai su rubuta MENU. Zauren ya sake fitowa, su zaci sun fita, alhali suna ciki, sabon zaure suka gina a tsakar ɗaki. Ka sake shiga, ka sake yin haka, ɗaki cikin ɗaki, ba wanda aka rufe. Kowanne yana cin wuri. A ƙarshe babban aiki ya nemi inda zai zauna ya rasa."

Maiwada ya matso kusa da allon. Wannan sawu ne, kuma ya fi na ƙasa fitowa. Wani yana shiga ta ƙofar nan duk lokacin da ofis ya zama ba kowa, kuma ba ya fita ta inda ya shiga.

"Danna mini harafin," in ji shi.

Yunana ya danna. Allon ya share, ya koma baƙi. A can sama, inda aka saba ganin alamar injin, sai ga rubutu da Hausa, da ɗan layi yana ƙiftawa a gabansa:

Selina, ina jin ki>

Hayaniyar kasuwa tana shigowa ta taga, wani yana cigiyar akuya. Yunana ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu.

"Allah sarki Ilisha," ya ce. "Layi uku ne fa duka. Ya canza alamar ne kafin ya kira COMMAND." Sai kuma ya dafe kai. "Wayyo. A gabanta na ce zan goge komai. Tana shara a bayana."

* * *

Sauran aikin yaro ma zai iya. Mahaifiyar Selina tana Taba, ta wajen Kudan. Washegari Maiwada ya sami ɗan acaɓan da ya kai wata mata mai goyo da daro can ran Lahadi, har yana ƙorafin cewa duk ramin da suka shiga sai ta ce ya bi a hankali, kamar ƙwai ta ɗauko.

Tsohuwa Cecilia ba ta yi masa gardama ba. Ta kai shi ɗaki. Akwatin yana bisa gadon ƙarfe, an naɗe shi da rigar da Ilisha ke sawa ran Lahadi. Garin ko turken lantarki babu.

"Na ce mata, 'yar nan, me za ki yi da shi a nan? Ta ce ita dai kada a goge. Ɗana, me za a goge?"

Ya ɗaure akwatin a bayan babur, rigar kuma ya ninke ya ba tsohuwar.

Da la'asar sakaliya ya sami Selina a gida tana tankaɗe. Tana ganin fuskarsa ta ajiye rariya.

"Daga Taba nake," ya ce.

Ta zauna daɓas a kan turmi. Ta fara magana a hankali, ba ta kallonsa.

"Muna sabon aure ya koya mini. Tsoron abin nake yi. Sai ya sa wannan don in yi dariya. Ya ce ga shi nan, ko ba ya kusa, in danna harafina." Ta share hanci da bakin zane. "Bayan an binne shi na danna, ban zaci yana nan ba. Baban Indo, yana nan. Nakan gaya masa Rosaline ta yi haƙori, Rosaline ta fara tafiya, rufin ɗaki yana yoyo. Sai ya amsa da Turanci wai bai gane umarnin ba, ya sake cewa yana ji na. Shi ma da ransa rabin maganata ba ganewa yake ba."

"Bai koya miki yadda ake fita ba?"

"Ya koya mini. Na san kalmar. Hannuna ne ba ya iya rubuta ta."

"To don Allah me ya hana ki gaya wa wani?"

"In gaya wa wa? Kakata 'yar bori ce kafin ta shiga coci, ba wanda ya manta. Dattawa su ji ina hira da matacce a cikin inji? Gobe za a kira sunana a gaban jama'a."

Maiwada ya buɗe baki zai gaya mata cewa layukan suna nan a faifan Yunana, da ta tambaya da an kwafa mata kafin ta ƙifta ido. Sai ya haɗiye. Bai ga yadda za ta ɗauki wannan a kan abin da take ɗauke da shi ba.

"Baba Lado ne ya ɗora miki daron?"

Ta gyaɗa kai. "Na rufe da kayan wanki. Da ya ji nauyin sai ya dube ni ya ce, 'Wankin yau da nauyi, 'yata.' Bai ƙara komai ba. Na zaci Alhaji, shugaban ƙungiya, zai fito da shi a ranar. Kullum in na tashi zan je in faɗa, sai in kalli yarinyar nan. Lafiyarsa ƙalau, ko?"

"Lafiya lau," in ji Maiwada, ya ji ƙaryar tana ƙona masa harshe. "Ki saurare ni. Gobe zan ce a gonar rake na tsince shi, ɓarawo ya ji tsoro ya yar. Kaya sun dawo, a saki Lado, magana ta mutu. Ke dai kada ki buɗe baki. Ban yi wa Ilisha komai ba da yana kwance. Bar ni in yi wannan."

* * *

Ran Juma'a da hantsi aka taru a ofis. Alhaji Uwaisu shugaban ƙungiya yana kan kujera, Jumare a tsaye yana ta hararar Yunana, Hajo a bakin ƙofa, Selina a lungu da goyonta. Sajan ya shigo da soja biyu, Lado a tsakaninsu yana jan ƙafa. Yunana ya haɗa wayoyin, aka tayar da janareta. Injin ya yi gurnani, zauren Ilisha ya fito, ɗaya, biyu, uku.

"Alhamdu lillahi," in ji Alhaji Uwaisu.

Maiwada ya ba da labarinsa: gonar rake wajen Nasarawan Doya, sawun maza biyu, sun ɓace a kan kwalta. Ya tsara shi da kyau. Shekara da shekaru ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, shi ya sa kowa ya yarda, ban da mutum ɗaya.

"Kai, mai bin sawu," in ji sajan da Hausarsa ta bariki. "Akwati yana da ƙafa? Ƙofa ba a fasa ba. Wani ya buɗe, wani ya gani. Oga ya ce kaya da ɓarawo. Kaya ya zo, ɓarawo bai zo ba." Ya juya kan Lado. "Tsoho, na ƙarshe. Wa ka gani?"

"Ban ga kowa ba, ranka ya daɗe."

"To, Kaduna."

Hajo ta ɗora hannu a ka. Soja ɗaya ya cafki wuyan hannun Lado, tsohon ya yi ƙara bai shirya ba, hannun rigarsa ya zame. A nan Selina ta ga hannayen.

Maiwada ya kalle ta yana girgiza kai, roƙo yake da ido. Ba ta ko dube shi ba. Ta miƙe, ta kwance goyo, ta je bakin ƙofa ta miƙa wa Hajo yarinyar. Hajo ta karɓa ba ta san dalili ba. Selina ta ja kujerar mijinta ta zauna gaban injin, ta sa yatsa ɗaya ta danna.

Allon ya koma baƙi. Sajan ya sunkuyo ya karanta da ƙarfi, yana tsinka kalmomin ɗaya ɗaya, sannan ya ɗago.

"Wa ke Selina?"

"Ni ce. Mijina ne ya rubuta. An ce za a goge, shi ya sa na ɗauka. Ni kaɗai. Baba Lado kayan wanki ya gani a kaina."

"'Yata," in ji Lado, "wa ya aike ki?"

Alhaji Uwaisu ya tashi tsaye, hularsa a hannu. "Sajan, don girman Allah. Kayanmu ne, mun yafe. Ƙungiya ba ta da ƙara."

Sajan ya sake kallon allon. Ya daɗe, har ya sosa ƙeya. Da alama shi ma yana da wanda ya binne.

"Alhaji, magana ta riga ta je wurin Oga. Ba ni na ce ba. Madam, tashi mu je ki yi bayani."

Suka saki Lado a tsakar ɗaki. Selina ta gyara ɗankwali ta bi su da ƙafarta, ba wanda ya taɓa ta. Da ta zo daidai Maiwada ta ɗan rusuna kamar kullum.

"Na gode, Baban Indo. A kai ta wurin Inna."

Rosaline ta fara kuka da motar ta tashi. Hajo ta fita da ita tana jijjigawa, ɗaya hannun tana tallafe da mijinta. Alhaji ya bi motar a kan babur yana kiran sajan.

Maiwada ya tsaya inda yake. An aike shi ya fito da Lado, ya fito da shi. Amma da ƙafarsa ya bi sawun nan har Taba, da hannunsa ya ɗauko akwatin ya dire a gabanta, kuma a duk satar da ya taɓa ganowa babu wadda ya yi da-na-sanin ganowa sai wannan. Ya dafa tebur.

Jumare ya yi gyaran murya, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba ya kallon kowa. "Yunana, a rufe ta mana. Mai ya kusa ƙarewa."

Yunana ya miƙa hannu wajen abin dannawa. Maiwada ya riƙe masa wuyan hannu.

"Bar shi."

"Malam, kalma ɗaya ce."

"Na sani. Ba da mu yake magana ba."

Suka tsaya su uku suna kallo. Ba wanda ya rubuta komai. Ɗan layin ya yi ta ƙiftawa yana jiran amsarta, har janareta ya yi tari ya mutu don kansa.